Ranar da Tantabarar Dagaci Ta Zaga Duniya

Ba zan ce muku "wai an yi wani mutum" ba, domin mutumin nan ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma har gobe a rumfata yake shan gahawa. Sunansa Darmaji. Shekara biyu ya yi a Surabaya, ya dawo mana garinmu Karangsono da jakar kwamfuta a kafaɗa da tabarau wanda ba na magani ba, ya ce daga yau a riƙa kiransa Injiniya. Wani direban bas da ya san shi a can ya raɗa mini cewa aikinsa jan waya ne a cikin silin ɗin ofisoshi. Ban tona masa asiri ba, na dai ci gaba da kiransa Darmaji.

Ni ce Sriatun, mai gahawa da soyayyar ayaba a bakin kasuwa, kuma a rumfata ƙungiyar masu tseren tantabaru take zama. Mu arba'in da ɗaya ne, ni kaɗai ce mace. Ba neman shiga na yi ba, gado na ci. Mijina, Allah ya jiƙansa, shekara goma sha tara yana tsere bai taɓa ɗaga kofin shekara ba, sau uku yana zuwa na biyu. Ya bar mini ɗakin tantabaru da wata shuɗiyar tantabara mace mai suna Gerimis, wadda ya rena da hannunsa tun tana tsirara. Bana ce shekararta ta ƙarshe a tsere, fiffike ya fara nauyi. Ba zan ɓoye muku ba, ina son kofin nan a kan kantata, so na har cikin rai.

Daga garin Banyuwangi, can gabas da mu, ake sakin tsuntsayen da ƙarfe bakwai na safe, kowace ta nufo gidan ubangidanta. To gidajen ba wuri ɗaya suke ba. Nawa ne na ƙarshe ta yamma, can bayan gonakin rake, sai tawa ta ƙara kilomita shida a kan ta mutanen gabas. Saboda haka ba wadda ta riga sauka ke ci ba, nisan gidan kowa ake aunawa a raba da lokacin da tsuntsuwarsa ta ɗauka. Shekara talatin tsoho Mbah Kasiran ke wannan aiki da ƙatuwar taswira da allurai da zare da rula, sai bayan la'asar ya faɗi sakamako.

Ranar taron shirin tsere Darmaji ya miƙe, ya cire tabarau ya goge a gefen riga.

"Zare," in ji shi. "Jama'a, a wannan zamani, zare. Mbah, da girmanka da komai, amma yau ko tela ya daina dogara da zare."

"Da me yake ɗinkin?" in ji Pak Ngatimin mai aski, wanda bakinsa ya fi askarsa kaifi.

"Misali nake yi, Pak."

"To misalin ya yage, nemi zare."

Aka yi dariya, amma Darmaji ba ya jin dariya in a kansa ake yi. Ya ce zai gina mana shafi wanda kowa zai buɗe a burauzar wayarsa, wato manhajar shiga intanet, ba tare da ya sauke komai ba. Tantabara na sauka, ka cire zoben robar ƙafarta, ka buga lambar sirrin da ke ciki, shafi ya riƙe lokaci, ya auna nisa, ya jera kowa. Ya ce kuskurensa ba zai kai taku ɗaya ba, kuma kafin tsuntsuwa ta gama shan ruwa an san gwani.

Dagacinmu, Pak Suwondo, ya tafa. Shi duk abin da za a yanka masa kirtani a buɗe, yana so. Yana da wani ƙaton namijin tantabara mai suna Janar, wanda bara sai a bas aka dawo da shi daga Jember, wani gari a kan hanya, cikin kwali. Da dagaci ya ɗaga hannu sai hannaye suka bi, ni ma na ɗaga nawa, ƙanina ne. Mbah Kasiran ya naɗe taswirarsa a hankali, ya ce in ƙara masa ayaba ɗaya. Wallahi ban ji daɗin kaina ba.

Washegari Darmaji ya kafa ofis a teburin ƙarshen rumfa, kusa da kaskon suya. In faɗi gaskiya, shirin da ya rubuta ya yi aiki a cikin kwamfutarsa. Tsiyar ta fara ne da ya tashi juya shi zuwa irin wanda burauza ke iya karantawa. Ya danna, sai ga jan rubutu layi uku. Ya sake dannawa da ƙarfi, jan rubutun ya dawo bai ko canza ba.

"Me take cewa?" na tambaye shi.

"Wai ba ta ga sayin ba, ba ta ga kosayin ba, da wata 'yar'uwarsu mai dogon suna."

"Su wane ne kuma?"

"Yaya, lissafin kusurwa ne, irin na sakandare. Duniya a dunƙule take kamar lemo, sai da su ake auna bayanta. A cikin kwamfuta suna nan a ajiye, ko yaushe ka miƙa hannu ka ɗauka. Amma in ka tashi ƙaura zuwa burauza ba sa bin ka."

"Wato ka tare a sabon gida ba tukunya."

"Ke dai juya ayabarki, tana ƙonewa."

Ya ɗan yi bincike, ya gano akwai umarnin da ake ba na'ura ta daina ƙorafi a kan abin da ba ta gani ba. Ya ba ta. Jan rubutu ya ɓace, Darmaji ya miƙe ya yi miƙa kamar wanda ya gama noman kadada, ya aika a kirawo dagaci da 'yan kwamiti. Suka zo suka jeru a benci, kowa ya buɗe shafin a wayarsa. Fari tas, ko ɗigo babu. Dagaci ya juya wayarsa sama da ƙasa, ya girgiza ta kusa da kunne.

"Salon Surabaya ne," in ji Darmaji. "Yanzu ba a cika wa mutum ido da tarkace."

"Haka nake gaya wa masu sanƙo," in ji Ngatimin. "Kuma suna biya."

Ana cikin haka Malama Lastri ta shigo sayen ayaba. Ita ke koyar da lissafi a sakandaren garinmu, mace ce mara yawan magana. Ta leƙa ta kafaɗarsa ta karanta na ɗan lokaci.

"Mas Darmaji, ka hana ta kuka ne, ba ka ba ta abin da take nema ba. Burauza ai tana da nata sayin da kosayin. Layi uku za ka rubuta, shirinka ya ara a wurinta."

"Aro?" Ya juyo da kujera gaba ɗaya. "Malama, ni tun da nake ban taɓa aron ko gishiri ba. Injiniya ba ya aro, ƙerawa yake yi. Nawa zan yi, wanda ya fi nasu."

Na kalli silifas ɗin da ke ƙafarsa, na mijina ne. Na kalli wayar wutar da ya jona kwamfutarsa da ita, ta firjina ce. Na ce a raina girman kai rawanin tsiya, na naɗe wa Malama ayabarta.

Ƙerawar tasa ita ce ya tono tsohon littafinsa na sakandare daga ƙarƙashin gadon mahaifiyarmu. A bayan littafin akwai jadawalin sayin da kosayin, daga sifili zuwa casa'in, lambobi ƙanana kamar tururuwa. Ya ce zai zuba su duka a cikin shirin, in ana neman amsa na'ura ta leƙa jadawali ta ɗauko. Wa zai karanta masa yana bugawa? Ni. Kwana uku ina suya da hannun dama, littafi a hagu, masu saye suna tsaye suna jin ina kiran lambobi kamar mai ƙidayar zaɓe.

"Yaya, wannan bakwai ce ko ɗaya?"

"Mai ne ya ɗiga."

"To sa bakwai, ta fi kwarjini."

Da jadawali ya kammala sai ya ce saura ɗaukar adireshin kowane ɗakin tantabaru da waya, daga tauraron ɗan'adam. Kowa ya ce ya tsaya a tsakar gida ya ɗauka, ya ce a'a, shi aikinsa ba na "kusan" ba ne, sai ya hau kan rufin ɗakin daidai inda tsuntsuwa ke dira. A gidan Ngatimin dinya biyu suka tsare shi a kan tsani rabin awa, mai gidan yana aski yana ba su ƙarfin gwiwa. A gidan dagaci ya hau lafiya, ya ɗaga waya sama, ya ce a yi shiru tauraro na magana. Rufin gora ne, ya shekara goma yana shan ruwan sama. Sai dai aka ga Injiniya ya nutse, tantabaru talatin suka fito ta ramin da ya shiga. Da aka buɗe ƙofa ya fito fari fat tun daga gashi har silifas, matar dagaci ta raka shi da tsintsiya har bakin titi. Ya iso rumfata yana wari, ya ce lambar da ya samu a can ciki ta fi ta kan rufi inganci.

Saura kwana biyu tsere ya yi gwaji. Ya samo misali a intanet na nisan wasu manyan birane biyu na Turai, ya zuba, amsa ta fito daidai. Sai da ya zaga rumfa sau biyu yana nuna wa har masu sayen barkono.

"Gwada da Banyuwangi da nan mana," in ji Malama Lastri.

"Malama, wanda ya ɗauki buhu zai kasa ɗaukar mudu?"

"Jadawalinka daga sifili ya fara?"

"Komai daga sifili yake farawa, har ilimi. Wasu dai a can suke tsayawa."

Ta dube shi, ta dube ni, ta karɓi canjinta ta tafi.

Ranar tsere tun ƙarfe goma ina tsaye a bakin ɗakin tantabaru da gwangwanin masara a hannu, wuyana ya ƙage don kallon gabas. Can sai na hango ɗigo ɗaya a saman rake. Na san tashinta ko a cikin dubu, tana ɗan karkata hagu. Ta diro ba ta ko zaga ba, ta shige hannuna tana haki, ƙirjinta na bugawa a tafina. Na kalli agogon bangon mijina ta taga, sha ɗaya da minti talatin da ɗaya. Na cire zoben na buga lambar. Na yi kuka kaɗan, ba wanda ya gani sai ita, sannan na hau keke na nufi kasuwa.

Na tarar rumfata ta zama filin biki. An rataya zanen gadona fari a jikin bango, an haska shafin a kai da na'urar da wanda bai taɓa aro ba ya karɓo daga makarantar su Malama. Kofi na kan tebur yana walƙiya. Darmaji ya sha rigar atamfa mai dogon hannu, ga usur a wuya. Tasa tantabarar, Roket, ba ta dawo ba tukuna, ya ce yana sane, dabara ce. Mbah Kasiran kuwa ba a gan shi ba. Aka jira har Janar ya sauka ƙarfe ɗaya saura minti goma, aka ce da ƙyar ya kai rufi. Dagaci ya yanka kirtani, Darmaji ya busa usur ya danna.

Sunaye suka jeru a kan zanen gadona. Na ɗaya, Janar na Pak Suwondo. Nisan da ya yi, kilomita dubu arba'in da ɗaya. Gudunsa, kilomita dubu bakwai a awa.

Na bi jerin da ido ina neman tawa, na wuce goma, na wuce ashirin, na same ta ta talatin da tara. Gerimis, nisan da ta yi, mita goma sha biyu. Tantabarar Ngatimin kuwa ko lamba ba a ba ta ba, wasu haruffa uku ne a gaban sunanta.

Dagaci ya miƙe ya gyara hula. "Na daɗe ina faɗa, tsuntsun nan ba a fahimce shi ba ne."

"Pak Lurah," in ji Ngatimin ga dagaci, haka muke kiransa, "dubu arba'in da ɗaya fa. Ya zaga duniya ke nan. Ya tsaya Makka ya yi umra, ko wucewa ya yi?"

"Hassada ce ke cin ka. Taka ma ba a san abin da ta zama ba." Ya juya ga ƙanina. "Injiniya, na'ura tana ƙarya?"

Darmaji ya gyara tabarau. Mako uku yana faɗin magana ɗaya a kan kowane benci na garin nan, yanzu ga ta ta dawo masa.

"Na'ura ba ta ƙarya, Pak."

"To miƙo kofi."

"Sai dai a duba batun iska. In iska ta bayan tsuntsu ce, kuma ta yi ƙarfi sosai..."

"Iskar da ta kai shi dubu bakwai ai da ta kwashe mana rufi," wani ya ce daga baya.

Ban san lokacin da na zagayo daga bayan kasko ba, ludayin suya a hannuna yana ɗigar mai. Mutane suka buɗe mini hanya.

"Darmaji, kalle ni. Mita goma sha biyu?"

"Yaya, sai an yi nazari."

"Daga nan zuwa rijiya ya fi haka. Tsuntsuwar da ta sauka a hannuna ƙirjinta kamar zai fashe, ita ce ta yi mita goma sha biyu?"

"Wataƙila ta san gajeriyar hanya."

Da ba don Malama Lastri ta shiga tsakaninmu ba, da yau labarin nan wani iri ne. Ta ja kwamfutar gabanta ba ta nemi izini ba, ta yi 'yan danne-danne, sai na ga kafaɗunta na rawa. Dariya take yi, ita da ban taɓa ganin haƙoranta ba.

"Jama'a, abin ba wuya," in ji ta. "Akwai layin da ya raba duniya biyu, mu muna kudu da shi, saboda haka lambar garinmu tana ƙasa da sifili. Jadawalin Mas Darmaji daga sifili ya fara ya yi sama. Biranen da ya gwada da su a arewa suke, shi ya sa suka yi daidai. Da aka zo kanmu sai na'ura ta ja da baya ta wuce farkon jadawalin, kuma a cikin burauza ba mai ce mata tsaya. Duk abin da ta laluba a wurin shi ta ɗauko ta yi lissafi da shi."

"Me ke wurin?" in ji dagaci.

"Rajistar 'yan ƙungiya. Kosayin gidanka, Pak Lurah, lambar wayar Pak Ngatimin ce."

Ngatimin ya dafe ƙirji. "Ashe ni na tura Janar. To a raba kofin biyu, ni a ba ni gindin."

Rumfa ta kece, har masu sayar da kifi suka baro tirensu suka zo kallo. Darmaji ya fizgo kwamfutarsa, zufa na bin tabarau.

"Na san da wannan. Gwada ku nake in ga mai lura. Malama, da ma layi ukun nan da kika ambata, faɗo su in ji ko kin iya."

Ta faɗa, ya rubuta, kunnuwansa ja wur. Ya ce yanzu sai a kashe a kunna. Malama ta ce, "Dakata, ka fara ajiye lokutan, a cikin shafin kaɗai suke." Kafin ta rufe baki yatsansa ya sauka.

Zanen gado ya yi duhu, ya sake haske. Sunaye suka dawo, nisan gidan kowa ya fito daidai wa daida, nawa ya fi na mutanen gabas da kilomita shida kamar yadda Mbah ya saba faɗa. Sai dai layin lokaci fayau, tun daga sama har ƙasa. Lokacin saukar tantabara arba'in ya tafi inda ba a dawowa.

"Ina lokutan?" in ji dagaci.

"Suna hanya," in ji Darmaji, murya can ƙasa.

Aka jira, ba su zo ba. Dagaci ya ce tunda dukanmu dattawa ne masu mutunci, kowa ya faɗi lokacin da tasa ta sauka, Malama ta rubuta a kwali. Na farko ya ce sha ɗaya da ashirin da biyar. Na biyu ya kalle shi ya ce sha ɗaya da ashirin. Na uku ya ce da kwata. Sai na farko ya dawo ya ce ya tuna agogonsa yana gaba da minti ashirin, a gyara masa. Daga nan fa aka ɓalle kamar masu gwanjo, sai dai ƙasa ake yi, har ba wanda ya bar nasa sama da ƙarfe sha ɗaya. Ngatimin ya ce goma da arba'in, yana tsakiyar askin liman, a tambayi liman. Liman yana wurin da tasa tantabarar, ya ce ai tasa ta riga, shi ya sa ya samu sukunin zuwa aski. Wani ya ce tasa bakwai saura minti goma, aka tuna masa da bakwai aka sake su, ya ce to a sa tara. Dagaci ya jira kowa ya gama, ya ce Janar tun tara saura kwata yana kan bishiyar mangwaro, kawaici ne ya hana shi sauka kafin na talakawa.

Malama ta zo kaina. Wallahi ƙaryar ta zo har bakina, na ji ɗanɗanonta. Amma agogon da na duba na mijina ne, shi ya saba murɗa shi kowace Juma'a, sai na kasa.

"Sha ɗaya da talatin da ɗaya," na ce.

"Haba Mbak Sriatun, ko ɗan ragi?" in ji Ngatimin. "Yau kasuwa ta faɗi."

"Rubuta haka, Malama."

Darmaji kuwa ba halin ya faɗi komai, unguwa duka ta ga ɗakin Roket a buɗe ba kowa. Dagaci ya sa kowa ya sa hannu a gaban lokacinsa. Na sa nawa a can ƙasan kwali, na koma bayan kasko ina juya ayabar da ta riga ta soyu don kada a ga idona.

Sai ga Mbah Kasiran ya shigo da sandar kamun kifi a kafaɗa da tarwaɗa biyu a igiya. Ya nemi gahawa, ya tsaya gaban kwalin ya karanta tun daga sama har ƙasa, bakinsa na motsi.

"Bana tsuntsaye sun yi ƙoƙari," in ji shi. "Ni da aka sallame ni sai na tafi gadar gabas kamun kifi, tun hantsi. Kun san duk mai shigowa garin nan daga Banyuwangi ta kan gadar yake bi. Sabo ba ya barin mutum, ina ta kallon sama da agogo. Garken farko ya wuce kaina sha ɗaya da minti goma. Kafin nan ko hankaka ban gani ba."

Mbah Kasiran bai taɓa ƙarya ba, kowa ya sani, shi ya sa ba a cika kai shi neman aure ba. Ya tuna mana dokar ƙungiya, wadda dagaci da kansa ya sa wa hannu, cewa duk wanda ya yi ƙarya a kan lokaci ya fita daga tseren shekarar. Ya karɓi alƙalamin Malama ya fara ja. Ya ja liman, ya ja Ngatimin, ya ja dagaci a hankali cikin ladabi. Da ya gama, suna biyu suka rage a kwali, nawa da na Darmaji.

Kun san abin da ɗan'uwan nan nawa ya yi? Ya hau benci ya busa usur.

"Jama'a, kun gani da idonku. Na zo na biyu. Kuma wa ya tace muku maƙaryata talatin da tara a rana ɗaya? Zare zai iya wannan? Tun farko haka na tsara shi."

Ɓawon ayaba na farko daga hannun liman ya fito. Na biyu na matar dagaci ne, ta haɗa da takalmi. Darmaji ya ja da baya yana kare kwamfuta, benci ya ɗaga, ya cafko zanen gadona don kada ya faɗi, zanen ya tsinke ya lulluɓe shi. A haka ya ratsa kasuwa a guje, fari fat karo na biyu cikin mako ɗaya, usur na kuka a ƙarƙashin zane, karnukan mahauta na biye da shi.

Dagaci ya miƙo mini kofi yana kallon wani wuri. Ya fi yadda nake zato nauyi.

Da jama'a suka watse, rana ta yi sanyi, ya rage ni da Mbah a rumfa. Na goge kofin da gefen zanena na ɗora a kan kanta, inda duk mai shigowa zai gani. Na zuba wa tsoho gahawa, na ce ya yafe mini hannun da na ɗaga ranar taro. Ya ce bai gani ba, idonsa ba kyau. Na zauna, abin yana ci na.

"Mbah, tsakani da Allah. Da an yi lissafin gaskiya, da ta ci?"

Ya juya tambulan. "Garken farko su bakwai ne, akwai shuɗiya a ciki. Daga nan ban sani ba. Amma matan gidajen nan duk sun san lokacin da tsuntsayen mazajensu suka sauka, kuma za su gaya mini da murna. Kwana biyu in kawo miki amsa, ko ta farko ce ko ta biyu." Ya ɗago ya dube ni. "In auna?"

Na kalli kofin. Shekara goma sha tara, sau uku na biyu.

"Mbah," na ce, "gahawarka tana hucewa."